Wutar da ta ci Nomau

Ina tsakiyar yi wa wani mutum aski a gindin mangwaron da ke bakin kasuwar Adjamé a Abijan, sai ga wani direba. Na san shi da gani. Bajule ne, shi ke tuƙa kamiyo, babbar motar da ke kai wa ma'aikatan bakin kogi shinkafa da gishiri. Bai zauna ba, bai kuma yi magana ba sai da ya ga na ɗaga aska daga kan mutumin. Sannan ya ce, da 'yar Hausar da ya iya, "Kailu, sai haƙuri. Ruwa ya ci abokinka."

Na ce, "Da idonka ka gani, ko gaya maka aka yi?"

Ya ce ya gani.

"Wane hannu ne shanyayyen, dama ko hagu?"

"Dama. Yatsun a lanƙwashe, fatar wurin fara."

"Ka taɓa shi?"

Ransa ya ɗan ɓaci. Ya ce shi ya kama ƙafafun da za a sa shi a kabari, kuma ba ƙara ya kawo ba, balle a tsare shi da tambaya kamar a gaban alƙali. Na ba shi haƙuri. Na koma na ƙarasa askin, don ba a barin mutum da rabin kai, amma ban ga abin da nake askewa ba.

Direban bai san dalilin tambayoyina ba. An taɓa kai labarin mutuwar abokin nan nawa, Nomau, gida alhali yana raye, kuma wannan labarin ne ya cinye masa sauran kwanakinsa.

Nomau mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Madawa. Sunansa na yanka Isuhu, amma da yake lokacin noma aka haife shi, Nomau ɗin ya bi shi. Bayan yunwar da fara ta jawo, ya bar matarsa Tsahara da 'yarsu Sa'a, wadda a lokacin ta fara surutu, a hannun ƙanensa Kalla, ya yi kudu. Ya yi dako a Bobo, ya yi saran itace a kurmi, har jirgin ƙasa ya sauke shi Abijan. Ya tarar da garin ana ta gini. A Filato, unguwar Nasara, ana kafa turaku ana jan waya daga wannan zuwa wancan. Shi kuwa dogo ne, ba ya tsoron bisa, tun yana yaro yake hawan gawo yana saro wa awaki ganye. Aka ɗauke shi cikin masu hawa turke.

Abin da ke gudu a cikin wayar nan, Faransawa suna ce masa kuran. Hausawan Abijan kuwa wuta suke cewa, wurin da injin ke haifar da ita kuma gidan wuta. Mu nan mun san bambancin. Can gida kuwa ba a san wata wuta ba sai wadda ake hurawa a murhu, wadda in ta ƙwace take cin rumbu da mai rumbun, sai kuma ta lahira.

Wata safiya da damina, turke a jiƙe, Nomau ya kai hannun dama kan wayar da ya zaci a kashe take. Ya ce shi dai ya ji kamar doki ya harbe shi a ƙirji, daga nan bai ƙara sanin komai ba. Abokan aikinsa suka kwashe shi a ƙasa, hannun yana hayaƙi, suka shimfiɗa shi a bayan mota suka rufe shi da buhu saboda yayyafi, aka yi asibiti da shi.

A ranar ne Mati zai tashi. Mati fatake ne, goro yake kaiwa arewa ya dawo da albasa da fata, kuma a duk masu zirga-zirga shi kaɗai ke bi ta ƙauyen su Nomau. Ya je gidan wuta don ya karɓi saƙon da Nomau ya ce zai ba shi, zane na Tsahara da 'yan warwaro na Sa'a. A bakin ƙofa ya tarar da mai gadi, wani dattijon Bamoshe, yana juya hular Nomau a hannu. Ya tambaye shi inda Nomau yake.

Mai gadin ya ce, "Kuran."

Mati ya ce, "Mene ne kuran?"

Dattijon ya laluba 'yar Hausarsa, ya samo kalmar da yake ji a bakinmu. Ya ce, "Wuta. Wuta ta ci shi. An rufe shi da buhu, an ɗauke."

Mati ya yi salati, ya karɓi hular. Kayansa na kan jirgi, jirgi kuma ba ya jiran mai makoki. Ya tafi da hular da kalmomin nan, bai ƙara musu komai ba, bai rage ba.

A asibitin na san Nomau. Nakan zaga ɗakunan marasa lafiya da zabirata, in yi wa mai so aski. Ran nan na ji wani a kusurwa yana nishi da Hausa, Hausar ma irin ta wajenmu, don ni mutumin Ƙonni ne. Na je na tsuguna. Ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, don Allah ka ɗan yi magana in ji." Ban san abin da zan ce ba, sai na kama ba shi labarin tsadar albasa. Ya rufe ido yana saurare kamar waƙa nake yi masa.

Ya daɗe a kwance. Da aka sallame shi, hannun ya warke amma ya shanye, ba ya riƙe ko ludayi. Na yi masa ƙaho, na shafa masa man kaɗanya, na kai shi wurin wani mai ɗori, hannun bai motsa ba. Ya zauna tare da ni a Adjamé yana tsaron tabarmata in na zaga. Ba ya so ya aika gida da labarin hannu ba tare da wani abin kirki ba, kuma ko ya so, ba ɗan aike. Jiran Mati yake yi.

Sai da damina biyu ta wuce Mati ya dawo. Nomau na zaune yana cin dafaffiyar doya da hannun hagu, sai ya ga mutum ya tsaya cak a gabansa, ya saki buhun da ke kansa, albasa ta watse cikin kwata. Mati ya ja da baya yana neman tsari.

Nomau ya ce, "Mati, lafiya? Ko bashi kake tsammani zan tambaye ka?"

Mati ya ce, "Kai ne? Kai ne da ranka?"

"To da ran wa zan zo?"

Mati ya matso, ya taɓa masa gwiwa, ya taɓa kafaɗa, sannan ya zauna a ƙasa cikin albasar ya rufe fuska. Da kyar muka ja shi bayan rumfa. A can ya faɗa mana. Ya kai hular. An yi kuka, an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Liman ya ce wanda wuta ta ci ya yi shahada, mutane suka ɗan sami sanyi. Tsahara ta yi takaba ta fita. Dangi suka ga bai kamata Sa'a ta tashi a gidan bare ba, suka ɗaura wa Tsahara aure da Kalla. Da Mati zai taso, ya bar ta da jariri a baya.

Nomau ya dubi doyar da ke hannunsa, ya ajiye ta a kan ganye, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya a jikin wando.

Washegari ya ce in raka shi unguwar Treichville wurin Malam Lurwanu, wanda ke karantar da yara a wata rumfar kwano. Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "A shari'a Tsahara matarka ce. Ranar da ka bayyana, auren Kalla ya warware."

"Jaririn fa, Malam?"

"Ɗan halak ne. Ba su san komai ba."

"In ban bayyana ba fa?"

Malam ya daɗe yana jan casbi. Ya ce, "Su ba su da laifi a kan abin da ba su sani ba. Kai ne mai sani, nauyin a wuyanka yake. Ni dai da za ka ji shawarata, da ka tafi."

Nomau ya ɗaga hannun daman da na hagu, ya ɗora shi a kan gwiwa, yadda yakan yi in zai yi doguwar magana. Amma maganar ba ta yi tsawo ba. Ya ce Kalla na da hannu biyu, yana noma, suna ci. Shi in ya je, zai fitar da mace daga ɗakin da take ƙoshi, da goyo a bayanta, ya kai ta ɗakin da ba mai riƙe hauya. Zai sa ƙanensa ya kasa haɗa ido da shi har abada. Kuma yaron nan, duk abin da littafi ya ce, 'yan ƙauye za su sami sunan da za su riƙa kiransa da shi a bakin rijiya. Ya juyo ya ce da ni da Malam mu shaida ya sawwaƙe wa Tsahara. Malam ya ce wannan bai ƙare maganar ba. Nomau ya ce, "Allah dai ya ji."

Da muka dawo, ya sa Mati ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai faɗa wa kowa ba. Mati na kuka ya dafa.

Daga ranar Nomau ya bar Adjamé, don nan ne duk baƙon da ya fito daga arewa yake sauka, wata rana wani zai gane shi. Ya haye gadar da ke lilo a kan ruwan da ya raba Filato da Treichville, ya kama ɗaki a can ƙuryar Treichville, a gidan wata 'yar ƙabilar Baule mai suyar kifi. Gidan wuta suka mai da shi aiki, amma ba hawa turke ba. Suka ba shi butar mai, yana bin injin yana ɗiga masa a gaɓoɓi. Ya ce aikin ya yi masa daidai: ƙarar injin ba ta bari a ji maganar kowa, saboda haka ba mai tambayarsa daga ina ya fito.

Ya daina zuwa inda Hausawa ke taruwa. Ba ya zuwa suna, ba ya zuwa ɗaurin aure. Ranar Idi cikin sahun Julawa yake tsayawa, ya ja rawani ya rufe tsagen fuskarsa, ana sallamewa ya sulale. Ya koyi Julanci da ɗan Faransancin wurin aiki, da su yake sayen gishiri, da su yake gaisawa. Hausa kuwa sai ranar hutunsa, in na haye gada da zabira na je yi masa aski. Yakan tara maganar mako guda ya juye mini, har da wadda ba ta da kai ba ta da gindi, don dai bakinsa ya motsa.

Shi ya fara tsokanar, ba ni ba. Wata rana na yi sallama, ya amsa daga ciki, "Marigayi na nan, shigo." Daga nan ta zauna mana.

"Marigayi, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Sarkin Aska. Ya mutanen duniya?"

"Suna gaishe ka. Sun ce ka cika rowa, ko a mafarki ba ka leƙo su."

"Ka ce musu aiki ya yi yawa. Mu 'yan gidan wuta ba a ba mu hutu."

Mukan yi dariya har mai suyar kifi ta leƙo ta ga ko lafiya. Yanzu da kalmar ta zama gaskiya, bakina ya ƙi kama ta.

Ba kullum ake dariyar ba. Wata rana na same shi, na yi ta janyo shi da hira bai biyo ba. Sai da na gama askin ya ce jiya a bakin gada wani saurayi ya tare shi, da ƙunshin kaya a ka, ƙafafunsa duk faso. Ya yi masa sallama da Hausar Madawa tsantsa, ya ce, "Baba, don Allah ina ne zangon Hausawa?" Nomau ya dube shi, ya ce masa da Julanci ba ya ji. Saurayin ya yi godiya duk da haka, ya wuce, ya kama hanyar da ba ita ba. Nomau ya bi shi daga nesa, ya bar aikinsa, har ya ga wani mai goro ya nuna masa hanya, sannan ya juyo. Ya ce mini, "Kailu, da bakina na ce ba na jin Hausa." Na tattara gashin da ke ƙasa.

Abin da ke riƙe da shi zuwan Mati ne. Duk abin da ya samu, sai ya sayi zane, ko 'yan kunne, ko ɗan madubi, ya ba Mati ya kai a matsayin tsarabarsa shi Mati, don tunawa da amininsa da ya rasu. Har Mati ya yi sunan mutumin kirki a ƙauyen da kayan wani, abin yana damunsa. In ya dawo, Nomau yakan zaunar da shi ya yi ta tambaya. Sa'a ta kai ina a tsawo? Ta fara daka? Wa ta ɗauko a tafiya? In Mati ya gama, sai ya ce ya sake daga farko. Wani zuwan Mati ya ce duk Juma'a Sa'a takan dama fura a ƙwarya ta kai ƙofar masallaci, sadaka ga ubanta. Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ashe shi ya sa ban taɓa kwana da yunwa a garin nan ba."

Da yaƙin Jamus ya zo, hanya ta lalace, Mati ya daina zuwa. Shekarun nan su ne mafi tsawo ga Nomau. Man inji ya yi wuya, aka koma ƙona itace a gidan wuta, shi kuma aka mai da shi kwasar toka. Kananzir ya ɓace a kasuwa. Mutumin da ke yini yana ciyar da injin da ke haska Filato, in ya dawo ɗakinsa sai ya tsoma tsumma a gwangwanin manja ya kunna. Da magariba yakan zauna a bakin ruwa, daga gefen Treichville, ya jira fitilun tsallake su kama, layi bayan layi. Na taɓa tambayarsa abin da yake kallo kullum a abu ɗaya. Ya ce, "Ina duba ko na yi aikina." Ya ƙara da cewa da mutanen ƙauyensu za su ga wannan sau ɗaya, da ba sai ya yi wa kowa dogon bayani ba.

Bayan yaƙi aka kawo wani sabon injiniya gidan wuta, ya manna wani hoto a bangon ɗakin aikinsa: ƙaton bango an gina shi a tsakiyar kogi, ruwa ya taru a bayansa kamar tafki. Wani makanike mutumin Kayes, wanda ya ce ya taɓa ganin ƙaramin irinsa a ƙasarsu, shi ya yi wa Nomau bayani. Sunan abin baraji. Ana tare kogi, a bar masa 'yar hanya ta cikin bututu, ruwan ya faɗo da ƙarfi a kan wata ƙafa mai fukafukai, ƙafar ta juya, ta juya injin. Ba itace, ba toka, ba hayaƙi.

Ranar askinsa ya tare ni da maganar tun ban ajiye zabira ba.

"Sarkin Aska, ka san za a fitar da wuta daga ruwa?"

Na ce, "Marigayi, zafin injin nan ya fara taɓa ka. Da me ake kashe wuta?"

"Da ruwa."

"To?"

"To wannan ruwan ne ubanta."

Na yi dariya har na kusa yanke masa kunne. Bai ji haushi ba. Ya ɗebo ruwa a buta, ya soke ɓawon lemo da tsinke, ya ce in riƙe, ya tsiyaya ruwan a gefe, ɓawon ya juya sau biyu ya faɗi. Ya ce, "Ka gani?" Na ce na ga an jiƙa mini wando. Amma tun daga ranar ba ya gajiya da zancen baraji. Ya ji an ce wutar da kogi zai bayar ta fi ta injinsu nesa ba kusa ba, har za a iya jan waya da ita zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Yakan tambaye ni ko ina ganin waya za ta iya kaiwa Madawa. Nakan ce turakun duniya ba za su isa ba. Yakan ce, "Kai dai ba ka taɓa kafa turke ba."

A shekarar 1948 Mati ya sake bayyana, ya tsufa, gemu ya yi fari. Ya zo da labari biyu. Kalla ya rasu, ciwon ciki na kwana kaɗan. Sa'a kuwa ta yi aure a ƙauyen, ta haifi namiji, an sa masa Isuhu. Da yake ba za ta iya kiran sunan ubanta ba, Baballe take ce masa.

Mati ya ce, "Nomau, ka kwance mini rantsuwar nan. Na gaji da karɓar godiyar da ba tawa ba. Wanda kake jin nauyinsa ya tafi. Me ya rage?"

Nomau ya yi kukan ƙanensa a ranar, kuka mai yawa, don ya ce Kalla ya mutu bai san an yafe masa abin da bai ma san ya yi ba. Amma da aka zo maganar tafiya, sai ya kama kewaye-kewaye. Shekarun baya yana cewa ba hanya. Yanzu hanya ta buɗe, sai ga tsoro tsaye a kanta. Me zai ce wa Tsahara? Yaya zai dubi 'yar da ta yi shekaru tana dama fura saboda shi, ya ce mata duk lokacin nan yana zaune a bakin ruwa yana cin kifi? Ya ce mini kuskuren farko na Mati ne da mai gadi, amma shirun da ya biyo baya nasa ne, kuma bai san ko ana yafe irin wannan ba.

Ana cikin haka injiniyan ya nemi mutum. Sun je sun duba wani kogi can gabas, cikin kurmi, inda ruwa ke zubowa tsakanin duwatsu, suna so su san iyakar inda yake kaiwa in ya cika, kafin su san ko wurin zai yi baraji. Sun kafa wani dogon ƙarfe mai zane-zane a gefen ruwan. Ana son wanda zai zauna a bukka damina guda, safe da yamma ya duba inda ruwa ya kai a jikin ƙarfen, ya yi tsaga a sanda. Ba ƙauye kusa. Duk ma'aikatan suka noƙe, Nomau ya ce shi zai je. Na yi masa faɗa, na ce gudu yake yi. Ya ce wataƙila. Ya ce amma yana so ya ga ruwan nan da idonsa, kuma yana bukatar wurin da ba ƙarar inji, ya zauna ya shirya abin da zai faɗa a gida.

Sauran daga bakin direban na ji, bayan ya huce. Ya ce duk zuwan da ya yi yakan tarar da sandunan a jere, tsagar a tsabtace, Nomau kuma yana magana shi kaɗai da wani harshe da shi direban bai gane duka ba, kamar mai gaishe da mutane ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen damina kogin ya kawo wani ƙaton gungume ya tokare shi a jikin ƙarfen, har ƙarfen ya fara karkata. Masunta daga tsallake suka hango shi ya shiga ruwa da gora yana tura gungumen. Suka yi masa ihu ya bari. Gungumen ya kuɓuce, ya juya, mai hannu ɗaya kuma ba ya riƙe dutse ya riƙe gora. Washegari suka same shi a ƙasa, inda ruwan ya lafa. Wasu Julawa masu sayen koko suka yi masa sutura, a ranar kamiyon ya iso.

Mun yi masa sadaka a rumfar Malam Lurwanu. Mu kaɗan ne: Malam, da ni, da Mati, da makaniken nan, sai mai suyar kifi da ta tsaya daga waje ta aiko da tire guda. Ban san ko za a gina barajin ba, ban kuma san ko waya za ta taɓa kaiwa Madawa ba. Mati zai tashi bayan Sallah, na ce masa zan bi shi. Ban taɓa zuwa ƙauyen ba, amma na san gawon da ke bayan gari, na san ta inda ake shiga, don an kwatanta mini.

Ranar da Nomau zai tafi kogin, da hantsi, na same shi a inda kamiyon ke lodi, a bakin kasuwar Treichville. Ba ranar askinsa ba ce, amma na zaunar da shi a kan buhun shinkafa na jiƙa masa kai. Ina cikin aski ya ce, "Kailu, in ruwa ya janye za ka raka ni."

"Ina?"

"Gida."

Na tsayar da askar. Na ce, "Ka yanke?"

"Na yanke. Amma kai za ka fara shiga gari. Akwai wani gawo a bayan gari, ta yamma, nan zan tsaya. In na faɗa musu haka kai tsaye, mata za su fasa tuluna."

"In na shiga in nemi wa?"

"Gidan Sa'a. Kada ka fara da Tsahara, ita sai na nemi dattawa."

"In ce mata me?"

Ya ce, "Ka ce mata ubanki bai mutu ba." Ya girgiza kai, har na janye aska. "A'a. Wannan ya yi nauyi, tana da goyo."

"To in yi mata bayanin kuran?"

"Kai da ɓawon lemo ma ya gagare ka?"

Muka yi dariya. Direba ya hau mota ya tayar da inji, masu lodi suka fara ɗaure igiya. Na goge masa kai da tsumma, ya miƙe, ya rataya ƙunshinsa a kafaɗar hagu.

Ya ce, "Ka ce mata wani baƙo ya zo daga kurmi, ya san ubanta, yana so ya ga yaron."

"Wata ƙaryar kuma?"

"Ina ƙarya a nan? Na san shi mana."

Na tura shi ya hau bayan kamiyon, ya zauna a kan buhuna. Na ɗaga murya saboda ƙarar injin, na ce, "In ta ƙi fitowa fa?"

Ya ɗan yi tunani, motar ta fara motsi.

Ya ce, "Sai in jira. Ka dai gaya mata ba sauri nake yi ba."